Gangaren Ƙofar Ticha

Auta na durƙushe tana shafa wa mijinta mai a ƙafafun da ba sa jin komai, sai ga sallamar Gwaggonta daga tsakar gida. Gwaggon ta hau matakalar ɗakin tana nishi, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi zama.

"Sannu Malam, ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji shi, bai ɗauke ido daga bango ba.

"Ke, fito. Da ke na zo magana."

Ticha ake ce masa, don lissafi yake koyarwa a sakandare. Auta kuwa lissafin ne ya kayar da ita a jarrabawar fita. Lokacin da yake nemanta ya yi wa babanta alkawarin zai koya mata har sai ta ci. Bai saɓa ba. Bayan aure kullum da la'asar suna zaune da littafi, yana faɗa tana dariya. Ranar da ya je yi mata rajistar sake jarrabawar, a hanyar dawowa babbar mota ta bugi babur ɗinsa. Ƙashin baya ya taɓu. Aka sallamo shi daga asibiti da keken guragu, aka ɗauko shi aka shigar da shi ɗaki, bai sake fita ba. Ɗakin kuwa marigayi babansa ya ɗaga shi ƙafa biyu daga ƙasa saboda ruwan sama.

Gwaggo ba ta rage murya ba.

"Babanki ne ya aiko ni. Ya ji labarin shugaban makarantarsu ya ce in aka koma hutu bai dawo aji ba, za a ba wani gurbinsa. To in haka ta faru, ki haɗo kayanki. Bai aurar da ke don ki tsufa kina zubar da fo ba."

"Gwaggo, yana jinki fa!"

"Ya ji mana. Ƙarya na yi?"

Inna, uwar Ticha, tana zaune a kan dakalinta a jikin bango tana tsince shinkafa. Ta ajiye faranti.

"Sai an koma hutu? Ku tafi da ita yau ma! Da ba don bokonta ba, me zai fitar da ɗana ranar nan? Ita ta faɗi jarrabawa, shi ya biya da ƙafafunsa."

Auta ta sunkuyar da kai. Wannan maganar ta sha jinta, kuma ita ma in ta keɓe haka take faɗa wa kanta. Tun satin da aka dawo daga asibiti Inna ta kwashe littattafan lissafin Auta ta cusa a murhu. Ba wanda ya hana ta.

Da Yaya, wan Ticha, ya dawo daga shagon tayoyinsa ya ji abin da aka yi, sai ransa ya ɓaci. Ba mugu ba ne, mai gaggawa ne.

"Fita ce matsalar? Yanzu ma zai fita!"

Ya ɗauko tsohon ƙyauren shago mai tsawon ƙafa shida, ya jingina daga bakin ƙofa zuwa ƙasa. Ya ɗora ƙanensa a keke.

"Yaya, ya yi tsaye da yawa," in ji Ticha.

"Kai dai riƙe. Ni ba na son dogon turanci."

Keken na hawa kan ƙyauren, sai ya ƙwace daga hannun Yaya. Ƙananan tayoyin gaba suka caki ƙasa, keken ya tuntsure, Ticha ya kife da fuska a tsakar gida, zanen da aka rufa masa a cinya ya yi gefe. Matan maƙwabta da suka shigo ɗibar ruwa suna tsaye suna kallo. Auta ta ruga ta rufe shi tana kuka. Shi bai yi kuka ba. Da aka mayar da shi gado, leɓensa na jini, abu ɗaya ya ce:

"Kada wanda ya sake taɓa keken nan. Kuma ba za a riƙa sungumata kamar buhu ana kai ni aji ba."

Ya juya ga bango.

Makarantar ba ta da nisa, hanyarta shimfiɗe take, ajinsa a ƙasa yake. Ƙafa biyun nan ce kaɗai tsakaninsa da aikinsa, kuma ita ce tsakanin Auta da aurenta. Ta tuna ranar sallama likitan gashin ƙashi ya ce in za a yi gangare a gida, silof ɗin ya zama ɗaya da goma sha biyu. Ta ji maganar, ba ta san me take nufi ba. Ta tambayi Ticha.

"Na daina lissafi," in ji shi.

Ba littafi, ba malami. Abin da ya rage a kanta guntun layi ne da ya sha sa ta maimaitawa: y = mx + c. Wata rana da azahar yana barci, ta ɗauko gawayi ta hau rubutu a farin bangon da ya saba zuba wa ido. Ko da gangan ta zaɓi bangon, ita ta sani.

Ya farka ya gani. Ya rufe ido. Ya sake buɗewa. Ta ga muƙamuƙinsa na motsi. Ya daure har ta gama share ɗakin, sannan abin ya fi ƙarfinsa.

"Wa ya rubuta wannan shirmen?"

"Ni ce."

"Karanto mini amsarki."

"Na sa m goma sha biyu, sai x ya ba ni ɗaya bisa shida na ƙafa. Inci biyu ke nan."

"Inci biyu! In sauka ƙafa biyu a cikin inci biyu? Gangare za ki gina mini ko rijiya? Ai gara ƙyauren Yaya!"

"Sori, Ticha."

"Ba sori ba, ɗauko gawayin! Me na ce miki silof?"

"Hawa da tafiya."

"Hawa bisa tafiya! Hawa a sama, tafiya a ƙasa. Ke kin kifa shi. Ɗaya bisa goma sha biyu ake nufi: in kin yi tafiyar ƙafa goma sha biyu, ki sauka ƙafa ɗaya tak. Mene ne x?"

"Nisa daga ƙofa."

"y fa?"

"Tsayi daga ƙasa."

"A bakin ƙofa, kafin ki motsa, nawa ne tsayin?"

"Biyu."

"To shi ne c ɗinki. Kuma sauka ake yi, ba hawa ba, sai ki sa alamar ɗebewa. Rubuta!"

Ta rubuta y = 2 − x/12. Rabonta da jin wannan muryar tun kafin hatsarin. Ta juya baya don kada ya ga hawayenta.

"A ina gangaren zai taɓa ƙasa?"

"Inda y ya zama sifili... ƙafa ashirin da huɗu."

Ya dubi bangon. Sai kuma fuskarsa ta koma yadda take.

"Goge. Ba inda za ni."

Ta goge. Washegari ta rubuta wani, da kuskure a ciki. Ya sake kasa daurewa. Haka suka yi ta yi. Ya koya mata ɗauke lamba daga wannan gefe zuwa wancan, ya koya mata zana layi daga ɗigo biyu, ya ce kanta ya fi dutse tauri, ta ce ai malamin ne ya zaɓi ɗalibar da kansa. Bangon ya yi baƙi ƙirin. Muryarsa na fita ta taga har kan dakalin Inna. Faranti kan daɗe a cinyarta ba ta tsinci ko ƙwaya ba.

Da Auta ta tabbata da lissafinta, ta auna igiyar shanya ƙafa ashirin da huɗu, ta ɗaura a bakin ƙofa ta ja ta miƙe. Igiyar ta ratsa tsakar gida ta shige ƙarƙashin motar Yaya.

Ta same shi yana wanke motar, ta durƙusa.

"Yaya, alfarma nake nema. Da za a riƙa ajiye motar a waje..."

"A waje? A kwance mini madubi da batir? Ƙafa goma na ba ku, ku yi abin da za ku yi."

"Biyu bisa goma, ɗaya bisa biyar ke nan, Yaya. Ba zai iya hawa da kansa ba, kuma zai iya sake kifewa."

"Ke! Ni za ki karanta wa bisa-bisa? Ƙanena ne, na fi ki son sa!"

"Ƙyale ta," in ji Inna daga dakali. "Mai lissafi ke nan. Lissafin ya cinye ƙafafun ɗana, yanzu gidan zai bi ya cinye."

Ticha ya ji komai. Da Auta ta shigo ya ce ta zauna.

"Auta, ki saurare ni. Babanki ya yi gaskiya. Ke yarinya ce. Gara in sawwaƙe miki tun kafin ki tsane ni."

Ta dube shi kamar ya mare ta. Kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ɓalle.

"Uwarka ta ce ni na karya ka, na yi shiru. Gwaggo ta ce mai zubar da fo ce ni, na yi shiru. Yanzu kai ma? Wallahi Ticha, in sakina za ka yi, sai dai ka fito tsakar gida da kanka ka faɗa a gaban kowa. Daga kan gadon nan ban yarda ba!"

"Kin san ba zan iya fita ba."

"To ka yi shiru har ka iya."

Ya kau da kai. Ita kuma ta fita ta zauna a matakala, igiya a hannu, tana kallon tsakar gidan da ya ƙi ɗaukar layinta. Tana naɗe igiyar ne biyu ta ga abin. Ta tashi ta bi jikin bango da ita: daga ƙofa zuwa kusurwa ƙafa goma sha biyu da ɗoriya, daga kusurwa kuma a karya a bi ɗaya bangon. Ta koma ɗaki da gudu ta zana.

"Layi biyu, Ticha. Na farko ya bi bango ya tsaya a kwana, a yi fili a huta, na biyu ya ƙarasa."

Ya dubi zanen da ido ɗaya.

"Silof ya canja?"

"Bai canja ba. c ne ya canja. Na biyun daga ƙafa ɗaya zai fara."

Ya daɗe yana kallo.

"Daidai," in ji shi. Tun da ta fara rubutu a bangon bai taɓa faɗar kalmar ba. "Amma layinki na biyu ta kan dakalin Inna ya bi. Manta da shi."

Dakalin nan marigayi ne ya gina wa Inna da hannunsa, farkon zuwanta gidan. Shatin yatsunsa na nan a gefen simintin. A kai ta yi renon 'ya'yanta, a kai ta karɓi gaisuwar mutuwarsa. Auta ta san haka. Duk da haka da safe ta je ta durƙusa ta faɗi buƙatarta.

Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Ɗan da ya bar mini kin karya. Yanzu wurin zaman da ya bar mini za ki fasa. Me kuma ya rage? Faɗi, in ba ki tun yanzu ki huta."

"Inna, don Allah..."

"Tashi ki ba ni wuri!"

Ta tashi. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ci gaba da share ɗakin Inna, da wanke mata kaya, da matsa mata gwiwa in sanyi ya kama ta, Inna na karɓa ba godiya. A ɗaki kuwa darasi ya mutu. Auta ta rubuta kuskure a bango, manya-manya, Ticha bai tanka ba. Abinci ma sai ya ga dama. Hutu ya kusa ƙarewa. Gwaggo ta aiko da buhunan zuba kaya, Auta ta tura su ƙarƙashin gado, shi kuma yana ganinta.

Shirun nan shi ya dami Inna. Ta saba da ihun "hawa bisa tafiya" ta taga, yanzu ko tari ba ta ji. Wata safiya Auta na wanki a gindin tagar, ta ga tsohuwar ta dafa bango ta hau matakala da ƙyar ta shiga wurin ɗanta. Ta tsayar da hannu a cikin kumfa.

"Kai. Juyo ka dube ni. Gaskiya ne in an yi abin nan za ka fita da kanka?"

"Lissafinta daidai ne, Inna."

"Ba ita na tambaya ba. Kai nake tambaya."

Auta ta kasa kunne.

"Zan iya."

Inna ta fito. Ta sauko da baya, tana dafe da gwiwa. Ta je ta naɗe tabarmar da ke kan dakalin, ta tsaya tana shafa gefen simintin. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Mai lissafi, a kira magini. Kuma ki sani, ba don ke ba ne."

"Na gode, Inna."

"Riƙe godiyarki."

Ranar da aka sa guduma a dakalin, Inna ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Duk bugu ɗaya ana jin kukanta. Auta na tsaye da kwanon yashi a ka, ita ma hawaye take yi, don ba ta jin ta yi nasara a kan kowa.

Abokan aikin Ticha ne suka kawo siminti da bulo. Magini ya ce shi dai a nuna masa tsayi a kowane wuri, sauran aikinsa ne. Auta ta bi bango da gawayi da abin awo: ta sa x uku, ta samu ƙafa ɗaya da inci tara, ta yi alama, ta sa shida, ta yi alama, har kwana, har ƙasa. Ticha na daga gado yana ihu ta taga.

"Sake duba na tara ɗin nan! Kada ki kifa mini shi!"

"Na duba, Ticha!"

"Sake dubawa!"

Yaya ya ja motarsa gefe kaɗan don kada siminti ya ɓata ta. Iyakar gudummawarsa ke nan, sai ruwan sanyi da ya saya wa magini.

Ana jibi za a koma makaranta, baban Auta ya zo da kansa, Gwaggo na bayansa. Simintin ya bushe. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida.

"Ina kayan?" in ji Gwaggo.

Auta ta miƙe. Ta shiga ta taimaka wa mijinta ya koma kan keke, ta sa masa farar rigarsa ta aiki, ta fito ta tsaya gefe. Keken ya leƙo bakin ƙofa. Ya tsaya. Wurin da ya kife yana gabansa. Sannan ya saki kaɗan. Keken ya gangaro a hankali, ya kai kwana, ya juya, ya bi inda dakali yake a da, ya taɓa ƙasa. Rana ta haska masa fuska, ya runtse ido.

"Sauka ai ko tulu ya iya," in ji Gwaggo. "Ya koma mu gani."

Ya juya keken. Hawan ya fi wuya. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya jiƙa farar rigar. Kafin kwana keken ya ɗan ja baya, Auta ta zabura.

"Kada ki taɓa!"

Ta tsaya, hannu a baki. Ya cije, ya tura, ya kai filin kwana ya huta yana haki. Ya sake turawa har bakin ƙofa. Daga can sama ya juyo ya dubi matarsa.

"Kin ce in fito tsakar gida in faɗa a gaban kowa. To na fito. Ba na saki. Baba, ka yi haƙuri, ɗalibata ce, ba ta gama ba."

Baban Auta mutum ne marar yawan magana. Ya dubi gangaren, ya dubi baƙin gawayin da ke hannun 'yarsa.

"Wa ya auna?"

"Ita," in ji Ticha.

"To." Ya miƙe ya sa takalmi. "A ba Gwaggonki buhunanta."

Ƙafafun Ticha ba su dawo ba. Motar Yaya tana nan inda take har yau. Jarrabawar waccan shekarar ta wuce Auta, sai ta gaba ta zauna, ta ci lissafi, ba da wani babban maki ba, amma ta ci. Inna ta koma zama a kan 'yar kujera a gindin gangaren, kullum da safe ta janye ƙafa ɗanta ya wuce aiki. Ba ta daina cewa "mai lissafi" ba, kuma ba ta taɓa cewa ta yafe ba. Sai dai wata rana Auta ta tarar da sabon littafi a leda a kan gadonta. Na lissafin 'yan firamare ne, mai hoton lemu da ƙwallo, don Inna ba ta iya karatu ba, lambobi kawai ta gani a bangon littafin ta saya. Auta ta rungume shi ta yi kukan da ba ta yi ba ranar sakamako.

Yara, ku riƙe wannan. Kowa a gidan nan ya ce yana son Ticha, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Amma wanda ya faɗi ba ya tashi da gajeriyar hanya. Yana buƙatar wuri mai tsawo da sauƙin hawa, kuma wurin nan dole daga hannun wani zai fito. Yaya ya ba da ƙafa goma ya tsaya. Inna ta ba da abin da ya rage mata na mijinta. Auta ta ba da haƙurinta, ta sha zagi a kai, ba a gode mata ba. Da shi aurenta ya tsaya.